Agogon Jirgi da Agogon Masunta: Yini Guda a Marsashlok

Jirgin ruwan shaƙatawa mai suna MSC World Europa yana ɗaukar fasinjoji 6,762 idan ya cika, ban da ma'aikata fiye da 2,000 da ke yi musu hidima. Yana cikin jiragen da ke yada zango a Baleta, babban birnin Malta, ƙaramar ƙasar tsibiri da ke tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili. Kimanin kilomita 12 daga inda yake ɗaure igiya akwai Marsashlok, garin masunta mafi girma a ƙasar, wanda mazaunansa suke kusan 4,000. Jirgi guda ke nan yake sauke mutanen da suka fi garin yawa da hantsi, ya kwashe su kafin magariba. A shekarar 2019, yawan fasinjojin irin waɗannan jirage da suka ratsa Malta ya zarce yawan mutanen ƙasar baki ɗaya.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar da ya sha wahalar neman bizar Shengen, wannan tafiya tana da daɗin lissafi. Biza ɗaya ce, ɗaki ɗaya, akwati na nan inda aka ajiye shi, amma kowace safiya sai a farka a wata tasha. Tsadarta a lokaci take. Sa'o'i bakwai ko takwas ake ba fasinja a kowane zango, kuma dole ya yanke shawarar abin da zai yi da su.

Kamfanin jirgi ya riga ya tanadar masa amsa. Tun a cikin jirgi za a sayar masa da tikitin zagaye. Bas zai ɗauke shi daga bakin tasha ya kai shi wurare uku ko huɗu, har da Marsashlok, inda sau da yawa zaman ba ya kai sa'a guda: ya ɗauki hoton kwale-kwale masu launi, ya sayi tsaraba, ya koma mota. Wannan tsari ƙwaruwa ce ga ɓangarorin biyu. Baƙo ya biya da yawa ya ga kaɗan. Gari ya ɗauki nauyin taro ya sami abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a hankali yana koyon cewa fentin kwale-kwalensa ya fi kifinsa kasuwa. Wanda ke da yini guda kusa da garin masunta, abin da ya fi masa shi ne ya ba garin yinin gaba ɗaya, ya bi sawun kifi daga ruwa zuwa faranti, ya bar kuɗinsa a hannun waɗanda suka kamo shi.

Agogo biyu da ba sa haɗuwa

Matsalar farko ta lokaci ce. Masunci yana fita cikin dare ko kafin asuba, wani ma ya kwana biyu ko uku a teku. A ranakun aiki, yawancin abin da aka kamo ba ya daɗewa a bakin ruwan Marsashlok. Ana loda shi a mota a kai babbar kasuwar sari da ke Marsa, kusa da Baleta, inda ake gwanjonsa tun duku-duku, domin masu gidajen abinci da 'yan kiri su samu kafin gari ya waye. Jirgin shaƙatawa kuwa yakan shigo tasha wajen ƙarfe bakwai ko takwas. Kafin fasinja ya karya kumallo, ya bi layin sauka, ya hau mota, goma ta yi.

Don haka garin da baƙo ke tararwa ya riga ya tashi daga aiki. Kwale-kwale suna ɗaure, wasu dattawa suna ɗinkin taru a inuwa, waɗanda suka kwana a ruwa suna barci. Sai baƙo ya koma da labarin wani gari mai kwanciyar hankali inda ba a gaggawar komai, alhali lokacin hutun mutane ya tarar. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji masu iya magana. Kuskuren ya yi kama da na wanda ya san su ta bikin Argungu kaɗai, inda dubban mutane ke faɗawa Matan Fada na ɗan lokaci, ya ɗauka ya san rayuwar Basarken da ke jefa taru duk shekara.

Ranar Lahadi ce ta bambanta. A ranar, kasuwa takan cika bakin ruwan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma iyalan masunta suna sayar da kifi kai tsaye ga mai ci. Mutanen Malta sun san da haka, shi ya sa suke sammako. Idan rana ta ɗaga, teburan kifi sun fara yashewa, sai a bar baƙi da rumfunan tufafi, kayan zaƙi da 'yan tarkacen tsaraba, waɗanda da yawansu a wasu ƙasashe aka ƙera su. Abu na farko da mai shirin tafiya zai duba shi ne ranar da jirginsa zai tsaya a Baleta, domin Marsashlok ta Lahadi da ta Laraba ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma agogon da ke cikin zuciyar fasinja. Ƙa'idar jiragen shaƙatawa ita ce kowa ya dawo kamar rabin sa'a kafin tashi. Jirgi yakan jira bas ɗin da kamfani ya shirya idan ya makara, amma ba ya jiran wanda ya fita da ƙafarsa. Wannan tsoro ne ke sayar da tikitin zagaye, kuma ba tsoron banza ba ne. Sai dai a Malta yana da magani mai sauƙi. Babban tsibirin bai wuce kilomita 27 a tsawo ba. Motocin haya masu lamba 81 da 85 suna zirga-zirga tsakanin Baleta da Marsashlok cikin abin da bai kai sa'a guda ba, ga kuma tasi. Wanda ya baro garin saura sa'o'i biyu jirgi ya tashi ya sayi kwanciyar hankalinsa da araha.

Garin da ke bayan hoton

Sa'a guda ta isa ɗaukar hoto. Abin da ba ta isa ba shi ne sauraro, kuma a Marsashlok kunne yana samun abin da ido ba ya samu. Mutanen garin suna rubuta sunansa Marsaxlokk, harafin x a wurinsu sh ne. Marsa kalmar Larabci ce, wato mashigin da jirage ke tsayawa. Shlok kuwa iskar kudu maso gabas ce, wadda ke tasowa daga Sahara ta tsallako teku da zafi da ƙura. Hamadar da ke aiko wa Kano da Damagaram hazo a lokacin hunturu, ita ce ke shafa wa motocin Malta jar ƙasa.

Larabawa sun ci tsibirin a 870, kuma ko da yake mulki ya fita daga hannunsu a 1091, harshensu ya zauna. Yaren Malta jikan Larabci ne da ake rubutawa da boko, ya kuma ari kalmomi masu yawa daga Italiyanci da Turanci. Bahaushen da ya tsaya a gaban teburin kifi zai ji ana cewa hut ga kifi, bahar ga teku, suk ga kasuwa. Zai ji hamsin da sittin a bakin mai ciniki kamar yana kasuwar Kurmi. Lahadi il-Hadd ce, Alhamis il-Hamis, Asabar is-Sibt. Mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma Alla suke kiran Ubangiji a cocinsu. Wanda bas ke jira ba ya samun sukunin jin wannan.

Shi kansa mashigin ya ga manyan baƙi. A kan tudun Tas-Silj da ke bayan garin akwai kufan wurin bauta da ya girmi zuwan Finikawa, waɗanda suka mayar da shi na gunkiyarsu Astarte. A watan Mayu na 1565, a nan rundunar jiragen Turkawa ta jefa anga lokacin da ta zo yi wa mayaƙan Kirista da ke mulkin tsibirin ƙawanya. Darasin da aka koya ya sa aka gina ganuwar San Lusiyan a 1610 domin tsaron mashigin. Sojojin Napoleon sun sauka a nan a watan Yuni na 1798. A ranakun 2 da 3 ga Disamba, 1989, shugaban Amurka George Bush da na Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev sun gana a cikin wannan ruwa, ana tsakiyar guguwa, a taron da ake ɗauka a matsayin rufe babin Yaƙin Cacar Baka. Jirgin da suka zauna a ciki, Maxim Gorky, shi ma jirgin shaƙatawa ne.

Kwale-kwalen da ake zuwa ɗauka hoto sunansa luzzu. Na katako ne, mai tsini gaba da baya, an shafe shi da shuɗi, rawaya, ja da kore, an kuma sassaƙa masa ido biyu a goshi. Ana danganta al'adar idon da Finikawa, kuma an yi ta ne domin neman tsari daga sharrin teku. A gargajiyance launin da ke ƙarƙashin idon yana nuna tashar da jirgin ya fito, baƙi kuma yana nuna an yi rashi a gidan mai shi. Luzzu yana cin hidima, domin katako da gishirin teku ba sa ga maciji: kowace shekara sai an fito da shi tudu an kankare, an toshe, an sake fenti. Shi ya sa matasan masunta da yawa suka koma jiragen faiba, waɗanda ba su da kyau a hoto amma ba sa ruɓewa.

Akwai abin da masu hoto ke kauce wa da gangan. Wanda ya juya dama ko hagu daga inda luzzu ke jere zai ga tashar wutar lantarki ta Delimara, da katon jirgin ajiyar iskar gas da ke ɗaure kusa da ita, da dogayen ƙugiyoyin ɗaga kwantena na tashar kaya da ke Birzebbuja. Masunta da wutar ƙasa da kasuwancin duniya duk mashigi ɗaya suke rabawa. Hoton da ya yanke waɗannan ya nuna garin da babu shi.

Abin da ke cikin faranti

Tambaya mafi amfani da baƙo zai yi a Marsashlok gajera ce: wannan kifin daga ina? Gidajen abinci sun jeru a bakin ruwa, kowanne yana kallon kwale-kwale, sai mai ci ya ɗauka abin da aka kawo masa daga cikinsu ya fito. Ba kullum ba ne. Kifin salmon ba ya rayuwa a Bahar Rum, duk wanda aka gani a faranti shigo da shi aka yi. Manyan jatan lande sau da yawa a daskare suka iso. Awrata da spnotta, kifaye biyu da suka fi yawa a jerin abinci, galibi na kiwo ne a keji. Babu laifi a cin su, amma kuɗinsu ba ya isa ga mutumin da ke ɗinkin taru a ƙofar gidan abincin.

Kifin da ya fi kowanne zama na garin shi ne lampuki. Lokacinsa yana buɗewa ranar 15 ga Agusta ya rufe a ƙarshen Disamba, kuma yadda ake kama shi ya cancanci a tsaya a fahimta. Lampuki yana son inuwa. Masunta suna ɗaure ganyen dabino a jikin abin da ke yawo a saman ruwa, su saƙala masa doguwar igiya da dutse a ƙasan teku don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Wannan rumfa ita ake kira kannizzata. Kowane jirgi yana da layin da hukuma ta ba shi, inda yake jera rumfunansa daga kusa da tsibiri zuwa can cikin teku. Kifi ya taru a ƙarƙashin inuwa, masunta su kewaye shi da taru. Kafin Malta ta koma kuɗin yuro a 2008, hoton lampuki ne a kan kwabonta na santi 10. Wanda jirginsa ya tsaya a watan Satumba ko Oktoba ya ci sa'a: zai same shi a soye, ko a cikin wani nau'in burodin da ake cusa wa kifi da ganye a gasa. A wasu watannin kuwa sai ya tambayi abin da ya shigo da safe, ko ya nemi aljotta, romon kifi da tafarnuwa da tumatir da 'yar shinkafa. Mai kiyaye abin da yake ci ya tambaya ko an sa giya a miya, domin wasu masu girki suna sawa.

Dalilin da ya sa wannan tambaya take da nauyi shi ne halin da su yake ciki a Bahar Rum. Rahoton da hukumar kula da su ta wannan teku, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na nau'o'in kifin da aka auna ana kamunsu fiye da ƙima. An samu sauƙi idan aka kwatanta da shekarun baya, amma har yanzu fiye da rabi ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jiragen su a yankin ƙanana ne irin na Marsashlok. Lokacin da Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta dage sai da aka bar mata yankin mil 25 na teku kewaye da tsibiranta, inda aka taƙaita girman jiragen da za su yi su, domin kare waɗannan ƙananan.

Babban kuɗin kifi a Malta kuwa yana wurin da baƙo ba ya gani. Can cikin teku akwai manyan kejuna inda ake kiwon tuna. Ana kama shi da rai a farkon bazarar Turai, a jawo kejin a hankali zuwa ruwan Malta, a yi watanni ana ciyar da shi har ya yi ƙiba, sannan a yanka a aika mafi yawansa Japan. Sana'a ce ta kamfanoni masu jari, kuma tun da aka ƙayyade kason tuna da kowace ƙasa za ta kama, ƙananan masunta da yawa suka sayar da nasu kason ko suka ba da hayarsa.

Waɗannan kejuna sun taɓa shiga labarin da ya shafi mutanen yammacin Afirka. A watan Mayu na 2007, 'yan ci-rani 27 da jirginsu ya lalace bayan sun taso daga Libiya sun maƙale a jikin wani kejin tuna da ake ja, suka yi kusan kwana uku a haka ana gardamar ƙasar da za ta karɓe su, kafin sojojin ruwan Italiya su kwashe su. Sansanin Hal Far, inda ake ajiye masu neman mafaka, 'yan kilomitoci ne daga Marsashlok. Bahaushen da ya iso da biza a aljihu da ɗaki mai taga a hawa na goma sha biyu, tekun da waɗanda suka bi ta Agadas suke tsallakawa ya ratso. Sanin haka ba zai hana shi cin abincinsa ba, amma ya kamata ya hana shi kallon wurin kamar filin wasa.

Inda kuɗi ke tsayawa

Tsarin jirgin shaƙatawa an gina shi ne domin kuɗin fasinja ya zauna a cikin jirgi. Ya riga ya biya kuɗin ɗaki da na abinci, don haka ba ya kwana a masaukin gari, kuma yana da dalilin komawa ya ci abincin rana a inda ba za a sake cajinsa ba. Tikitin zagayen da ya saya, kamfani ya cire rabonsa kafin saura ya isa ga mai bas da ɗan jagora. Abin da ya rage wa Marsashlok shi ne kuɗin kofin gahawa, da na wani ɗan luzzu na roba da aka ƙera a wata nahiya.

Kasuwa tana bin mai saye. Idan dubban mutane suna zuwa kullum suna sayen tsaraba ba sa sayen kifi, rumfar kifi za ta koma ta tsaraba. Idan hoton luzzu ya fi kamunsa kawo kuɗi, za a ci gaba da shafa masa fenti a bar shi a ɗaure. Ɗan masunci da ke lissafin kuɗin mai da na ƙanƙara da daren da zai kwana a ruwa zai ga riƙe faranti a gidan abinci ya fi. Babu wanda ya yi niyyar kashe sana'ar. Ƙananan zaɓuɓɓuka ne na mutane masu yawa, kowanne yana gaggawa. Fasinjan da ya hau motar haya, ya zauna ya ci kifin da aka kamo a ranar, ya biya mai luzzu ya zaga da shi, ya sayi zuma ko gishirin teku na ƙasar, ya tura kasuwar ta ɗaya ɓangaren gwargwadon aljihunsa.

Abin da masu ja za su ce

Akwai hujjoji uku da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce baƙi suna kawo aiki. Gaskiya ne. Wasu gidajen abincin na iyalan masunta ne, kuma akwai luzzu da yau suke kan ruwa saboda kuɗin kai baƙi wuraren wanka ne ke biyan fentinsu. Ba jirgin shaƙatawa ne ya rage kifi a teku ba, ba shi ne ya tsara kason tuna ba. Amma wannan hujja tana goyon bayan zaman baƙo ne a garin. Wanda ya yi sa'o'i biyar ya fi wanda ya yi minti arba'in amfani ga kowane mai sana'a a bakin ruwan.

Ta biyu ta fi ƙarfi. Mutumin da wataƙila ba zai sake ganin Malta ba, don me zai bar Baleta, birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, da majami'ar da ke ɗauke da zanen Caravaggio na 1608, da tsohon birnin Mdina, ya tafi kallon kifi? Amsa ita ce ba dole ba ne. Wanda zuciyarsa ke Baleta ya tsaya Baleta, ya ba ta yinin, ga ta nan a saman tasha. Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa su duka. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle huɗu. Mai zagayen bas yana komawa da sunayen wurare, kuma bayan mako guda yakan kasa tuna wane hoto ne na wace tasha. Ga tsofaffi da marasa ƙarfin tafiya, bas ɗin kamfani rahama ce, kuma ba da su ake ba.

Ta uku ita ce zaɓin mutum ɗaya ba ya sauya komai, sai doka. Akwai gaskiya a ciki, kuma garuruwa sun fara amfani da dokar. Daga 1 ga Agusta, 2021, Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa tsakiyar Benis. Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan da ya sauka Santorini ko Mikonos a tsakiyar kakar baƙi, daga 2025. Malta ta kafa na'urorin da ke ba jirage wutar lantarki daga tudu a tashar Baleta, domin su kashe injinansu su daina turnuƙe unguwannin da ke kewaye da hayaƙi. Duk waɗannan suna rage yawan mutane ko yawan hayaƙi. Babu dokar da za ta tilasta wa baƙo ya tambayi asalin kifin da ke gabansa. Wannan ya rage gare shi.

Yadda yinin zai tafi

Tsarin ba shi da wuya. Fasinja ya kasance cikin na farkon sauka. Daga bakin tasha akwai na'urar hawa ta Barrakka mai tsawon mita 58, wadda ke ɗaga mutum zuwa saman birni, kusa da tashar motoci. Idan Lahadi ce, ya fara da teburan kifi, ya tambayi sunaye da farashi ko da ba zai saya ba, a lokacin da mai teburi ba ya fama da masu saye. Idan ranar aiki ce, ya taka har ƙarshen bakin ruwa inda ake gyaran jirage da shanya taru. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, kada ya taka taru, kada ya hau jirgin da ba a gayyace shi ba, domin kayan neman abincin wani ne.

Da hantsi ya hau luzzu ya zaga mashigin, ko ya taka zuwa yankin Delimara inda kududdufin San Pietru yake, wani kwarmin farin dutse da ake wanka a ciki. Hanyar ba ta da inuwa, sai da ruwan sha da malafa. Ya ci abincin rana da wuri, kafin motocin zagaye su cika teburori, ya tambayi abin da ya shigo yau, ya kuma ji farashin kilo kafin a gasa. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ftira, burodin ƙasar da ake cusa wa tumatir da man zaitun da tuna. Bayan haka ya zauna a dandalin cocin garin ya saurari yadda ake magana. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan gari ba ya sakin baki da mai duba agogo.

Saura sa'o'i biyu jirgi ya tashi, sai ya kama hanya. Wajen ƙarfe biyar ko shida jirgin zai busa ƙaho ya fice daga tashar Baleta, ya nufi Barsalona ko wata tashar. A daidai lokacin ne a Marsashlok ake naɗe rumfunan tsaraba, ana loda ƙanƙara da mai da abincin ƙugiya a cikin jirage, domin masu fita da dare. Fasinja ba zai ga wannan ba, tsarin tafiyarsa bai ba shi dama ba. Abin da yake iya yi shi ne ya san ana yi, kuma kuɗin da ya bari a garin ya kasance cikin abin da ya sayi man fitar.